Ranar Da Gatari Ya Shiga Kurmin Nomau

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Tunau, rundunar Gwazawa ta sauka a bayan ganuwar Birnin Tangwara, ta kewaye shi kamar zobe a yatsa. Kwana arba'in da uku ba shiga ba fita. Hatsi dai akwai shi a rumbuna, don Tangwarawa mutane ne masu tsoron yunwa, ruwa ma bai ƙafe a rijiyoyi ba. Abin da ya ƙare shi ne wanda ba a taɓa zaton zai ƙare ba a garin da inuwa ta yi wa yawa, wato gawayi. Maƙera suka naɗe hannu, kibau suka riƙa fita daga kan ganuwa ba masu maye gurbinsu.

Mai karatu zai ce, to a sari itace mana. Ai nan gizo ke saƙar, don Tangwara na da doka wadda ta girmi duk wani mai numfashi a cikinta. A zamanin kakan kakan Sarki Tunau mutane suka far wa itatuwa da sara, har rairayi ya cinye gonaki, aka yi yunwar da ta raba uwa da ɗa. Da aka farfaɗo sai aka kafa Dokar Gindi Bakwai: ɗorawa, kuka, tsamiya, kaɗanya, gawo, giginya da kirya. Mai gona ya ci 'ya'yansu, ya tsinci busasshen reshen da ya faɗo don kansa, amma gatari ba ya taɓa gindi. In kuwa aka wayi gari ɗaya daga cikinsu na kwance da sara, ba a tambayar wa ya sare. Mai ƙasar ake kamawa, a karɓe duk filin da ya mallaka, a tuɓe masa rawani in yana da shi, a raka shi bakin ƙofa. Kowane sarki ranar naɗinsa sai ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ɗage dokar ba, in ya ɗage masu zaɓen sarki su ɗage shi.

Wanda ke tsaron wannan doka shi ne Sarkin Dawa Nomau, wani dogon tsoho busasshe, wanda ko ɓawon itace ya gani a ƙasa sai ya nemi wanda ya ɓare shi. Shekara ashirin da shida yana kan wannan aiki, bai taɓa sassauta wa kowa ba, kuma yana alfahari da haka. Sai ga shi Allah ya sa duk faɗin birnin, a cikin ganuwa, babu inda kirya take sai a gandunsa na gado, wani kurmi mai gindi ɗari da ashirin da kakansa ya raina. Kirya kuwa ita ce itacen maƙera, gawayinta kaɗai ke sa ƙarfe ya yi laushi yadda ake so.

Saboda haka da aka buga tambarin kiran majalisa ranar Asabar da hantsi, Nomau ya san da shi za a karya kumallo. Ya shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna a mazauninsa.

Kaura Barmo, shugaban mayaƙa, shi ya fara magana. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban zo da labari mai daɗi ba. Jiya na zaga ganuwa da ƙafata, na leƙa kwarin kowane maharbi. Wanda ya fi kowa arziki yana da kibiya huɗu. In Gwazawa suka kawo tsani suka jingina, da duwatsu za mu tare su, duwatsun ma sai an tono."

Sarkin Maƙera ya karɓa. "Zaki, ƙarfe muna da shi, mata sun kawo har tsofaffin fartanyu da wuƙaƙen girki. Mun ƙona ƙyamare, mun ƙona turame da taɓare, gawayinsu toka yake zama tun ƙarfe bai yi ja ba. A ba ni kirya, a ba ni kwana shida, in cika kowane kwari."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa, ban da Galadima Jibo. Shi Galadima mutum ne mai ƙiba da taushin murya, irin waɗanda ke yi maka murmushi suna auna faɗin gonarka da ido. Tsakaninsa da gidan su Nomau akwai tsohuwar shari'a a kan kurmin nan. Sau uku yana zuwa gaban alƙali yana dafa Alƙur'ani cewa ƙasar ta kakansa ce aro aka ba kakan Nomau, sau uku Nomau na musantawa, shari'ar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kuma kowa ya san al'ada: in doka ta ƙwace fili, wanda ke da ƙara a kansa shi ake fara ba wa.

Galadima ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Ni ban ga abin tsayawa dogon zance ba. Gari na neman itace, ɗan'uwanmu Sarkin Dawa na da itace. Na san shi, mai kishin ƙasa ne, ba zai zauna a inuwa ana yanka 'ya'yan mutane a rana ba."

Nomau ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji. Ya durƙusa ya fuskanci karaga. "Ranka ya daɗe, kurmin naka ne, ni ma naka ne. Kalma ɗaya nake roƙo. Sarki ya faɗa a gaban majalisa cewa ya ɗage doka na kwana shida, ni da hannuna zan fara sara kafin azahar."

Sarki Tunau ya ɗago kai. Ya dubi Galadima, wanda shi ne babba cikin masu zaɓen sarki, ya dubi sauran, ya ga yadda suka kasa kunne. Ya daɗe yana murza gefen alkyabbarsa kafin ya ce, "Sarkin Dawa, ka fi kowa sanin rantsuwar da ke wuyana. Ban ɗage doka ba, ba kuma zan ɗage ba. Ban ce ka sara ba. Amma gobe da hantsi ina so in ji abin da ka yanke game da gari."

To, ka ji irin maganar sarakuna in sun shiga tsaka mai wuya, a jefa ka rijiya a ce ba a tura ka ba. In Nomau ya sare, dokar da ya tsare shekara ashirin da shida za ta cinye shi, ya fita ba gona ba rawani, Galadima ya gaje kurmin. In ya ƙi, gobe a kira shi wanda ya sayar da gari saboda itace.

Ana cikin haka sai Sallama, mai yi wa baƙi iso, ya shigo da sauri ya faɗi, ya ce ga manzo daga sansanin Gwazawa a bakin ƙofa, da farin ƙyalle a kan sanda. Sarki ya ce a shigo da shi.

Manzon ya shigo fuskarsa rufe da amawali, bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya ce Sarkin Gwazau na gaisuwa, ya kuma ba Tangwara kwana bakwai. A buɗe ƙofofi, Sarki Tunau ya fito a ƙasa ba doki, a bar kowa da ransa. In rana ta takwas ta fito ƙofa na rufe, to kada wanda ya nemi afuwa. Kaura ya zabura zai tashi, Sarki ya ɗaga masa hannu, ya ce wa manzon ya koma ya gaya wa ubangidansa Tangwara ba ta saba buɗe wa mai buga ƙofa da mashi ba. Daga nan ya umarci Sarkin Dawa ya raka baƙon, don ƙaramar ƙofar da ake kira Ƙofar Kurmi a hannunsa take, ta nan kuma za a fitar da shi.

Suka bi ta gefen ganuwa, Nomau na gaba, manzon na biye yana ta raba ido, yana duban maharba da kwarinsu da ya lafe a baya ba nauyi. Da suka shiga inuwar kurmin, inda ba mai jin su, sai manzon ya tsaya ya sauke amawali.

"Baba Sarkin Dawa, ba ka gane ni ba?"

Nomau ya dube shi da kyau. Anaruwa ne, wani manomi daga Unguwar Rafi. Shekara tara da suka wuce aka wayi gari ɗorawar gonarsa na kwance, ya rantse har da hawaye cewa yana kasuwar ƙauye aka sare ta. Nomau da kansa ya yanke masa hukunci, da kansa ya raka shi bakin ƙofa da matarsa da 'ya'ya uku. Gonar kuma ta faɗa hannun Galadima, wanda dama ya shigar da ƙara a kan iyakarta.

"Na gane ka, Anaruwa."

"Ka tuna abin da ka ce mini ranar? Ka ce doka ba ta tambayar wa ya sara. Na riƙe maganar nan shekara tara, Baba, da ita nake kwana da ita nake tashi. Ƙaramar 'yata a hanya ta mutu, kafin mu kai Gwazau." Ya dubi Nomau ido cikin ido. "Barorin Galadima ne suka sare ɗorawar. Kai ma ka sani."

"Na yi zato. Ban da shaida."

"Ba ka nema ba dai." Anaruwa ya matsa kusa da wata kirya, ya nuna gindinta da sandarsa. "Dubi nan."

Nomau ya sunkuya. An shafa toka a gindin, tsawon tafin hannu, daidai inda gatari zai sauka. Ya duba ta kusa da ita, ita ma haka, da ta gaba, da ta gaba da ita.

"Haka na tarar a jikin tawa kwana ɗaya kafin a kayar da ita, na ɗauka wasan banza ne," in ji Anaruwa. "Ba jiran amsarka suke ba, Baba. Ko ka yarda ko ka ƙi, gobe itatuwan nan za su kwanta, doka kuma ba za ta tambayi wa ya sara ba. Amma na zo maka da mafita, duk da ba ka cancance ta daga gare ni ba. Ƙofar nan a hannunka take. Ka bar sakatarta a zare, shi ke nan. Sarkin Gwazau ya yi alkawari ko ganye ba za a tsinka a kurminka ba, Galadima kuma a bar mini shi."

Ƙarya ne a ce zuciyar Nomau ba ta motsa ba. Ta motsa, har ya dubi sakatar. Sai ya tuna matan da suka kawo wuƙaƙen girkinsu wajen maƙera, ya ji kunyar kansa. Ya zare sakata, ya buɗe ƙofar daidai faɗin mutum ɗaya.

"Na zalunce ka, Anaruwa, Allah ya sani, yau ni ma na sani. Amma ba zan biya ka da jinin Tangwara ba. Fita."

Anaruwa ya yi wata dariya mara daɗi. "To sai mun haɗu a kan hanya, Baba. Hanyar Gwazau da nisa ga tsoho." Ya fita, Nomau ya mayar da sakata ya danna ta har ƙarshe.

Ya koma cikin kurmin ya zauna a kan wata saiwa. Shamuwoyin da suka saba sheƙa a saman itatuwan kowace damina sun tashi tun safe, suna ta kewaya sama sun ƙi sauka, tsofaffin unguwa har sun fara cewa ba lafiya ba. Ya yi tunanin sa masu gadi, ya tuna mutanensa goma sha biyu ne, duk suna kan ganuwa, Kaura ba zai saki ko ɗaya ba. Ya yi tunanin kai ƙara, ya tuna toka ba ta magana. Duk inda ya juya bango ne.

A nan yayarsa Tasalla ta same shi. Ita ce babba a gidan, ta haura saba'in, ta zo tsintar ƙirare da ɗan kwandonta, bakinta kuma bai tsufa ba. Ya kwashe labari duka ya gaya mata. Ta ajiye kwandon, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau ga Sarkin Dawa a cikin tarkon da ya ɗana wa mutane. Da daɗi?"

"Yaya, ba lokacin gori ba ne."

"Lokacinsa ne mana, shekara nawa ina jira. Kai dai tun kana yaro in ka riƙe abu sai an karya yatsunka. Baba ma haka ya mutu yana shari'a da gidan Galadima, kai ka gada, me kuka samu? Mutumin nan ƙasa yake so. Sau uku yana rantsuwa tasa ce. Ni da ni ce, da tuni na ce masa ɗauki, ka haɗiye, ta tsaya maka a wuya."

Nomau ya ɗago kai a hankali. Ya daɗe yana kallonta har ta tsargu.

"Mene ne? Na yi saɓo?"

"Yaya, kabarin Baba da na Kaka suna cikin kurmin nan."

"Na fi ka sani, ni na share su jiya."

"In na bayar, ba za mu sake shigowa nan ba sai da izinin wani. Ba ma wannan ba, itatuwan za su tafi."

Tasalla ta gane inda ya dosa. Idonta ya ciko. Ta shafa jikin kiryar da ke kusa da ita kamar mai shafa kan jika, ta ce, "Itatuwan sun riga sun tafi, ƙanena. Kai nake so ka saura." Ta zazzage kwandonta, ta ciro ƙoƙon da take shan ruwa da shi, ta miƙa masa.

Nomau ya durƙusa tsakanin kaburburan biyu, ya cika ƙoƙon da ƙasar wurin. Bayan sallar la'asar ya nufi gidan Alƙali Hamidu, ya biya ta masallaci ya ɗauki limami da ladan su zama shaidu. Bai daɗe a ciki ba. Da ya fito ba ƙoƙo a hannunsa, waɗanda suka gan shi suka ce tafiyarsa ta koma ta wanda ya dawo daga jana'iza.

Washegari tun rana ba ta gama fitowa ba ya ji su. Yana zaune a zaurensa da carbi, sautin ya zo daga gabas, kaf, kaf, kaf, gatura fiye da ashirin. Can sai ƙara mai tsawo, sai ƙasa ta girgiza. Ya san wace ce ta faɗi, babbar nan ta bakin ƙofa wadda kakansa ya fara rainonta. Ya ci gaba da jan carbi, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Da tambari ya yi kira ya wanke fuska, ya naɗa rawaninsa da kyau, ya tafi fada.

Majalisa ta cika maƙil, don labari ya riga ya zaga. Sarki bai gama zama ba Galadima ya nemi izinin magana, fuskarsa ɗauke da jimamin da bai kai zuci ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki, abin da ya faru ya faru. Wasu bayin Allah da kishin gari ya ɗebe su sun shiga kurmi da asuba, yanzu haka gindi talatin na ƙasa. Ban san ko su wane ne ba, ba kuma aikinmu ne mu sani ba. Gari ya sami gawayi, alhamdu lillahi. Sai dai doka doka ce. Raina ya ɓaci ƙwarai saboda ɗan'uwana Sarkin Dawa, amma shi da bakinsa ya koya mana cewa ba a tambayar wa ya sara, mai ƙasa ake kamawa. Ko na yi ƙarya, Sarkin Dawa?"

"Ba ka yi ƙarya ba, Galadima," in ji Nomau. "Mai ƙasa ake kamawa, ko wane ne shi."

"Ko wane ne shi," Galadima ya maimaita, yana gyaɗa kai.

Sarki ya juya wajen alƙali da nauyin zuciya. "Malam, faɗi hukunci."

Alƙali Hamidu tsoho ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, kafin hukunci sai an san mai ƙasa. Jiya bayan la'asar Sarkin Dawa ya zo gabana da limami da ladan. Ya ce shari'ar da ke tsakaninsa da Galadima a kan kurmi, ya sallama. Ya kawo ƙasar wurin a ƙoƙo yadda al'ada ta tanada. Mai ƙara kuwa rantsuwarsa na nan har sau uku, ba a buƙatar ta huɗu, ba a kuma buƙatar ya halarta. Tun daga wannan sa'a kurmi na Galadima ne, da itacensa da ciyawarsa."

Ka ce an zuba wa fada ruwan sanyi. Galadima ya zabura ya miƙe.

"Ban karɓa ba! Ba wanda ya gaya mini!"

"Na aika muhutina, wato mataimakina, da ƙoƙon kafin magariba," in ji alƙali. "Aka ce masa Galadima na ganawa da wasu mutane a cikin gida, ya hana a shigar da kowa. Sai ya ajiye shi a zaure, a hannun mai tsaron ƙofa. Ina jin yana nan in an duba."

Wani daga bayan fada ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari. Galadima ya juya wajen Sarki, zufa na keto masa ta ƙarƙashin rawani. "Zaki, makirci ne! Ƙasar nan ba tawa ba ce, kowa ya san ta gidan Nomau ce tun kaka da kakanni!"

"Galadima," in ji alƙali a hankali, "ka yi tunani kafin ka ƙarasa. In ba taka ba ce, to sau uku ka dafa Littafin Allah a kan ƙarya a gabana. Hukuncin wannan ma ka san shi, bai fi wancan sauƙi ba. Wanne ka zaɓa?"

Galadima bai zaɓi ko ɗaya ba, ya zauna daɓas yana haki. Sarki Tunau, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kwana da tsoron mutumin nan, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka, amma bai bari fuskarsa ta nuna ba. Ya ce a tsare Galadima a gidansa har a gama yaƙi. Ya ce shi bai ba da izinin sara ba, amma abin da ya riga ya faɗi ba a mayar da shi, a kai wa maƙera.

Kwana shida hayaƙi na tashi daga ramukan gawayi, maƙera na dukan ƙarfe ba hutu. Gwazawa suka hango hayaƙin suka ce Tangwarawa sun fara ƙona jinkayen ɗakunansu don dafa abinci. Manzonsu ya riga ya gaya musu kwarin maharba wayam yake, da idonsa ya gani. Saboda haka rana ta takwas da sassafe suka taso gaba ɗaya da tsanuka, ko garkuwa wasu ba su ɗauko ba, suka nufo ganuwa ta wajen Ƙofar Kurmi inda ta fi gajarta.

Kaura Barmo ya hana kowa motsi. Ya bar su suka tsallake rafi, ya bar su suka cika ramin ganuwa, har tsani na farko ya taɓa bango. Sannan ya sa aka busa ƙaho. Kibau suka sauko musu kamar ruwan sama mai ƙanƙara, na gaba suka zube a kan na baya, tsanuka suka kife da mutanen da ke kansu. Kafin su gane abin da ke faruwa an buɗe Ƙofar Gabas, mayaƙan Tangwara suka fito suka datse su ta gefe, suka tura su cikin rafi. Rana ba ta kai tsaka ba Sarkin Gwazau ya bar tambarinsa da tantinsa ya yi ta kansa.

Da la'asar aka taru a fada, gari na ta guɗa. Aka kawo Galadima Jibo, aka warware masa rawani a gaban jama'a, aka karanta filayen da doka ta karɓe, tun daga kurmi har fadamun Unguwar Rafi. Dogarai suka tasa shi zuwa bakin ƙofa. Nomau ne ya kamata ya raka shi, don aikinsa ne, amma ya roƙi a ɗauke masa.

Sarki ya dube shi da fara'a. "Sarkin Dawa, gari ya tsira ta dalilinka. Filayen nan yanzu a hannuna suke. Roƙi abu ɗaya a ciki, ko wanne ne, na ba ka."

Duk fada ta san abin da zai roƙa. Gindi casa'in na nan tsaye a kurmin, ga kaburburan iyayensa, ga Tasalla a bakin ƙofar fada ta kafa kunne. Nomau ya durƙusa a gaban karaga.

"Ranka ya daɗe, akwai wata gona a Unguwar Rafi, mai kututturen ɗorawa a tsakiya. Shekara tara da suka wuce na ƙwace ta daga hannun mai ita ba tare da na bincika ba. Sunansa Anaruwa, shi ne manzon da ya zo nan. Ina roƙo a aika a nemo shi cikin kamammu ko cikin waɗanda suka gudu, a yafe masa, a mayar masa da gonarsa."

Sarki ya yi mamaki, amma ya ce an ba shi. Ya juya zai ba da umarni, sai ya ga Kaura Barmo ya sunkuyar da kai.

"Kaura, lafiya?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, ba sai an aika nesa ba. Shi ya ja su zuwa Ƙofar Kurmi, shi ne a kan tsani na farko." Kaura ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro wata kibiya, ya ajiye a gaban Nomau. "A maƙogwaronsa na zare ta."

Nomau ya ɗauki kibiyar ya juya ta a tafin hannunsa. Sabuwa ce fil, bakinta ko tsatsa bai fara ba, baƙin gawayin kirya na nan a jikin ƙarfen, har ya shafar masa yatsu.